Tsakar da ke Bayan Kawu

Wallahi 'yan uwa, in na gama ba ku wannan labarin wasunku za su ce zama na yi na ƙirƙira shi. Na san halinku. Kun saba da tsokanata a shafin nan, har akwai masu cewa ko gaisuwa na yi musu sai sun duba aljihunsu. To yau ba da wasa na zo ba. Ni da malamai suka gaji da ni, ni ma na gaji da su, muka rabu tun ban kai ƙarshen makaranta ba, ban taɓa zaton akwai wanda ya fi ni iya shege ba, sai da labarin wannan yaron ya iso kunnena.

Akwai wani matashi da ake kira Injiniya. Ba injiniya ba ne. Ya dai taɓa shiga makarantar koyon fasaha, ya ɗan zauna, ya ce malaman ba su da abin da za su koya masa, ya tattara ya dawo gida. Amma gaskiya hannunsa na jin waya da kwamfuta. Matsalar ita ce bakinsa ya fi hannun aiki. In ya gyara maka waya yau, sai unguwa gaba ɗaya ta ji labari kafin gobe.

Yana da kawu, yayan mahaifiyarsa. Ku riƙe wannan dattijon a ranku, don a kansa komai zai ƙare.

Kawu yana aiki a wani kamfanin wanki da guga mai rassa da yawa, irin masu wanke wa otal-otal zanin gado da tawul. Tun yana saurayi yake wurin. Aikinsa cire tabo. Duk tabon da ya gagari inji, na tsatsa ne, na tawada ne, na maiƙo ne, wajen Kawu ake kai shi. Yana da ɗan ɗakinsa can baya, ba taga, sai bahunan jiƙo da jarkoki a jere, da wata ƙofa mai nauyi da ke rufe kanta. Daga cikin ɗakin nan ake jin muryarsa har bakin titi. In Kawu ya yi dariya, injin busar da kaya ma sai ya ji kunya.

Da wannan aikin yake riƙe da matarsa da 'ya'yansa. Da shi kuma yake riƙe da ƙanwarsa, Maman Injiniya, tun da mijinta ya rasu. Shi ya je ya roƙi Manaja aka ɗauki Injiniya, aka sa shi a kantar gaban shago yana karɓar kaya yana shigarwa a kwamfuta.

Ranar ya ce wa Manaja, “Ɗan ƙanwata ne. Rawar kai gare shi, amma ni na tsaya masa.”

A da, in kamfani zai koya wa ma'aikata wani sabon abu, hedikwata ake kiransu bita. A biya musu mota, a kama musu otal, a ciyar da su, a ba su alawus. Akwai wani mai guga da ake kira Dogo, shi kam in ya ji an ce bita har sabon takalmi yake saye.

Rannan Manaja ya tara su a gaban injinan wanki ya ce an daina.

“Kamfani ya ce kuɗin mota da otal ya yi yawa. Daga yanzu ta intanet za a riƙa bita. Kowane sashe da ranarsa. Ka zauna gaban kwamfuta, ka kunna kyamara su gan ka, ka yi shiru ka saurara.”

Dogo ya ɗaga hannu. “Ranka ya daɗe, abincin fa? Shi ma ta intanet za a turo?”

Aka fashe da dariya, ban da Kawu. Shi tambayarsa daban ce.

“In ina zaune gaban kwamfutar, wa zai cire tabon?”

Manaja ya ce, “Kai mana, Baba. In ka gama.”

To fa. Ba a rage aiki ba, an dai ƙara zama. Aka ajiye wata tsohuwar kwamfuta a sito, tsakanin kwalayen sabulu. Ranar bitar masu cire tabo sai Kawu ya zauna ya ƙura wa allo ido, sabis ya ɗauke ya dawo, wata mata daga hedikwata da suke kira Madam tana ta bayani, shi kuma hankalinsa na kan zannuwan da ya jiƙa. A waje direban otal yana danna hon. Kawu ya fito a gigice, ya yi aikin da gaggawa, ya koma gida bayansa kamar zai tsinke.

Injiniya ya ga haka. Ku ji inda wayon ya shigo, don ni kaina da na ji sai da na ce kai, yaron nan da mun haɗu da mun yi abota.

Ya fara da kansa. Ya ɗauki hoton bidiyonsa yana zaune yana kallon allo, yana gyaɗa kai lokaci-lokaci kamar mai fahimta. Ya haɗa shi da kwamfutar ta yadda in an shiga bita, bidiyon ne zai riƙa juyawa a madadin kyamara, in ya ƙare ya sake farawa. Tunda doka ta ce kowa ya kashe makirfo, ba mai jiran jin muryarka. Ranar bitar masu kanta, Injiniya yana waje yana shan iska, hotonsa yana ciki yana karatu.

Madam har yabonsa ta yi wajen Manaja. Ta ce duk rassan ba mai natsuwarsa.

Kansa ya ƙara girma. Ya ce wa Dogo, “Ka ga masu digirin nan? Ni da ban gama ba na zauna a kansu.”

Sai ya je wa Kawu da maganar.

Kawu ya saurare shi har ƙarshe, ya goge hannu da tsumma, ya ce, “Ɗan nan, wannan ba ha'inci ba ne?”

“Haba Kawu, wane ha'inci? Aikinsu fa za ka tafi yi, ba barci ba. Kai da ka fi matar nan sanin tabo tun ba a haife ta ba.”

“In suka faɗi abin da ban sani ba fa?”

“Ni zan zauna a gefe in sa abin ji a kunne in saurara. Duk abin da suka ce zan zo in faɗa maka. Kai dai ka yi aikinka.”

Kawu ya kalli tulin zannuwan da ke jiransa. Hon ɗin direban otal ya sake tashi a waje.

“Ka yi alkawari za ka saurara?”

“Na yi, Kawu. In ban saurara maka ba, wa zan saurara wa?”

Haka aka zaunar da Kawu a sito da farar hularsa, aka ɗauke shi. Injiniya yana ba da umarni kamar mai shirya fim. Kawu kalli nan. Kawu gyaɗa kai. A'a, a hankali, ba kamar mai gyangyaɗi ba. Dogo yana bakin ƙofa yana riƙe ciki.

Da suka kunna su gani, Dogo ya nuna allon da yatsa.

“Kai, Injiniyan ƙarya, dubi can. Tsaka!”

Gaskiya ne. A bangon da ke bayan Kawu, wata 'yar tsaka ta fito daga bayan kwali, ta gudu har kusa da hularsa, ta tsaya, ta kaɗa wutsiya, ta juya ta koma. Duk sanda bidiyon ya sake farawa, sai ta sake fitowa.

Dogo ya ce, “Ka sake ɗauka.”

Injiniya ya yi tsaki. “Mutum nawa ne a allon matar nan? Kowa kamar akwatin ashana. Kai dai da guga ka saba, bar wa masu ƙwaƙwalwa aikinsu. Tsakar ma ai bita ta zo.”

Da farko ya cika alkawari. Ya zauna a gefe inda kyamara ba ta kai ba, ya saurara. Abin da ya ji ya gundure shi. A sa safar hannu. A rufe jarka in an gama. A gaishe da abokin ciniki da fara'a. Ya riƙa kai wa Kawu, Kawu ya yi dariya ya ce, “Wannan ne ake hana mutum aiki a kansa?”

Sai Injiniya ya fara zama rabi ya tashi. Sai ya koma kunnawa kawai ya ja ƙofar sito ya fita.

Ranar da abin zai faru, Dogo ya cire wandonsa na fita ya rataye, ya sa na aiki. Injiniya ya kunna wa Kawu bita, ya lallaɓa ya ɗauke wandon, ya jiƙa shi sharkaf da sitaci, ya goge shi har ya zama kamar katako, ya kai shi tsakiyar shago ya tsayar da shi a ƙasa. Wando ya tsaya da kansa, ba kowa a ciki. Ma'aikata suka yi ta dariya har da masu hawaye. Dogo ya bi Injiniya da abin rataye kaya suna zagaya teburin guga.

A daidai wannan lokacin, a cikin sito, ba kowa sai kwalaye, Madam tana riƙe da wata shuɗiyar jarka tana nuna wa kyamara.

Tana cewa kamfani ya canja maganin cire tsatsa. Jarkar iri ɗaya ce da ta da, amma abin da ke ciki daban ne. Tana cewa ta san tsofaffin ma'aikata sun saba zuba ɗan na da a cikin ruwan bilic, maganin nan mai sa kaya fari, don tabo ya fita da wuri. Wannan sabon, ko ɗigo kada ya haɗu da bilic. Iskar da zai tayar tana ƙone maƙogwaro da huhu. Ta faɗa, ta sake faɗa. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

“Baba mai farar hula, ka gane?”

Kawun da ke allo ya gyaɗa kai.

Da yamma Kawu ya tsaya a kanta yana ɗaure igiyar takalmi. “Yau me suka ce?”

Injiniya ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. “Abin da suka saba, Kawu. A sa safar hannu, a yi murmushi.”

“To madalla. Allah ya yi maka albarka, ka hutar da ni.”

Ba a daɗe ba sabbin jarkokin suka iso. Shuɗaye, kamar kullum. Wata safiya aka kawo zannuwan otal masu tabon tsatsa, ana jiransu da rana. Kawu ya shiga ɗakinsa, ƙofar ta rufe kanta a bayansa. Ya haɗa ruwan bilic a baho. Ya buɗe sabuwar jarka ya zuba kamar yadda hannunsa ya saba tun yana saurayi, ya sunkuya a kai yana juyawa da sanda.

Dogo ne ya fara lura. Ba wari ya fara ji ba, shiru ya ji. Ya ce yau Baba bai yi wa kowa tsawa ba. Da ya tura ƙofar, warin ya doke shi har ya ja da baya. Kawu yana ƙasa, hannunsa ɗaya a kan ƙofar da ya kasa ja, idanunsa jajur, bakinsa a buɗe yana neman iska.

A asibiti likita ya ce zai rayu. Ya ce huhun ya taɓu sosai, ba zai sake iya tsayawa kusa da tururi ko sinadari ba. Maƙogwaron kuma ya ƙone. Muryar nan da ake ji har bakin titi, yanzu ko kunnenka ka kai bakinsa iska kawai za ka ji.

Mama tana zaune a bakin gadon yayanta tana kuka. Ta juyo wajen ɗanta.

“Manaja ya ce an gargaɗe su a bita. Ya ce Yaya yana wurin, har ya amsa. Yaya da ko maɓallin riga bai taɓa ɓatar wa mutane ba, ya za a yi a faɗa masa abu ya manta?”

Injiniya ya kalli ƙasa. “Tsufa ne, Mama.”

Kun ji fa. Tsufa ne.

Kawu yana jinsu. Ya juyo da idonsa ya kalli yaron, ya daɗe yana kallonsa. Ba bakin magana. Injiniya ya ce zai je ya sayo ruwa, ya fita, bai dawo ba sai da aka kusa rufe ƙofar masu dubiya.

Kamfani ya ce za a yi zaman bincike, a ga ko shi zai ɗauki nauyin jinyar Kawu da iyalinsa, ko kuwa laifin Kawu ne. Shi ma zaman ta intanet aka yi shi, don ba wanda zai biya kuɗin mota. Aka taru a sito, gaban tsohuwar kwamfutar. Manaja, da Dogo a matsayin wanda ya fara gani, da Mama a madadin iyali, da Injiniya don shi ya iya kunna abin.

Madam ta fito a allo. Ta jajanta. Sannan ta ce duk bitar da suke yi ana naɗe ta, za ta nuna musu ta ranar. Ta buɗe hoton Kawu shi kaɗai, ya cika allon.

Ga Kawu da farar hula, lafiyarsa ƙalau. Mama ta toshe baki. Aka ji muryar Madam tana bayanin shuɗiyar jarka. A karon farko Injiniya ya ji abin da aka faɗa a ranar, kalma bayan kalma, a kujerar da ya yi alkawarin zama. Aka ji tambayar. Aka ga Kawu ya gyaɗa kai.

Mama ta ce a hankali, “Innalillahi. Ashe ya ji.”

Injiniya a ransa yana cewa ya tsira, an wuce wurin. Dogo yana kallonsa, shi yana kallon bango.

Madam ba ta tsayar da bidiyon ba. Ta ce, “Ku dakata. Akwai abin da nake so ku gani tare da ni.”

Tsaka ta fito daga bayan kwali. Ta gudu har kusa da hular Kawu, ta tsaya, ta kaɗa wutsiya, ta koma.

Madam ta tura bidiyon gaba kaɗan. Tsaka ta fito, ta kaɗa wutsiya, ta koma. Ta sake turawa. Ta fito, ta kaɗa, ta koma. Ta buɗe bitar wani watan daban. Hula ɗaya, riga ɗaya, tsaka ɗaya.

“Manaja, ko dai tsakar reshenku ta fi duk ma'aikatana zuwa aiki a kan lokaci, ko kuwa wannan ba mutum ba ne, hoto ne. Wa ya haɗa?”

Ba wanda ya yi dariya. Dogo ya sunkuyar da kai. Mama ta juyo a hankali ta kalli ɗanta, don duk ɗakin mutum ɗaya ne zai iya wannan aikin, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa mata ba wanda ya kai shi.

Bakin nan na Injiniya da ba ya mutuwa, ranar sai da ya yi ta lalube kafin ya sami magana.

“Ni ne. Madam, ni ne, ba shi ba. Bai ji komai ba. Na ce zan saurara masa, ban saurara ba. Ku kore ni, ku kai ni duk inda za ku kai ni, amma ku yi masa magani. Bai san an canja ba, wallahi bai sani ba.”

Madam ta tsayar da bidiyon. Ba muguwa ba ce, an ga abin ya dame ta.

“Wa ya zauna a kujerar aka ɗauke shi?”

“Shi ne, amma ni na...”

“Da saninsa?”

Injiniya ya kawar da kai daga kyamarar.

Ta ce, “Ka ga inda ka sa shi? In yana wurin, ya ji ya saɓa. In ba ya wurin, ya guje wa bita da gangan. Ta ko'ina na biyo, manyana za su ce kamfani ya yi nasa. Zan rubuta abin da ka faɗa, amma kada in yaudare ku.”

Manaja ya karɓi mabuɗin kanta daga hannun Injiniya a nan take. Sakamakon Kawu ya biyo baya, kuma bai saɓa da abin da Madam ta faɗa ba. Aiki ya tafi, jinya ta koma kan iyali.

Mama ba ta zage shi ba. Da ta zage shi ma da ya ji sauƙi. Ta kama hannunsa kamar ƙaramin yaro, ta ja shi har asibiti, har gaban gadon.

“Faɗa masa. Da bakinka. Har da inda ka ce tsufa ne.”

Ya durƙusa ya faɗa. Wandon Dogo, da sitaci, da ƙofar sito da ya ja ya fita, bai rage komai ba. Matar Kawu ta tashi ta bar ɗakin.

Mama ta ce, “Daga yau kai ne bakinsa, kai ne hannunsa. Gidansa a wuyanka yake, da yaransa, da ni. Ka je ka nemo da wayon naka.”

Injiniya ya kama ƙafar Kawu yana kuka. “Kawu ka yafe mini. Don Allah ka ce wani abu.”

Kawu ya buɗe baki, iska ta fito. Ya rufe. Ya kalli yaron da ya tsaya wa a gaban Manaja. Sannan a hankali, kamar yadda aka koya masa a sito, ya gyaɗa kai.

Har yau Injiniya bai san ko yafiya ce ba.

Darasi: In ka ce wa mutum “zan saurara maka”, ka ɗauki ransa ka riƙe ne, ko da abin da ake faɗa ya gundure ka. Wayon da zai nuna kana wuri alhali ba ka nan, ba kai kaɗai zai ci ba, wanda ya yarda da kai zai fara ci. Ku kuma masu kamfani, rage kuɗin bita ba laifi ba ne, amma ku ba ma'aikaci lokacin zama, kuma ku ji amsa daga bakinsa, kada ku tsaya a gyaɗa kai. Ku tura wa duk wanda kuka san yana kunna bita ya tafi harkarsa, tun kafin a canja tasa jarkar.